Ranar da Na Juya wa Ummi Fuska

Jikata ce ta tono mini wannan miki, ita kuwa ba ta san ta yi ba. Wuni ta zo mini da 'yarta ta wata bakwai a goye da jaka a kafaɗa. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, sai ta zazzage jakar a kan tabarmata. Littattafai ne, amma ba irin waɗanda na sani ba. Wani kowane shafinsa kauri gare shi kamar kwali, wani na ƙyalle ne da ake wankewa a shanya, wani kuma in ka shafa hoton tunkiya sai ka ji gashi a yatsanka. Jaririyar ta rarumi ɗaya ta kai baki tana tsotso, yawu na zuba a kai. Na yi wuf zan karɓe, uwar ta riƙe mini hannu tana dariya.

"Hajiya, ƙyale ta. Don haka aka yi shi."

"Littafin ne aka yi don a ci?"

"Don ta saba da shi tun ba ta san mene ne ba. A makarantar renon da nake aiki aka ce mu zaɓi waɗanda za mu ba iyaye shawara su nema wa 'ya'yansu. Na ce ni ina da tsohuwar malama a gida, ita za ta tace mini."

Na sa tabarau na bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu na Turanci ne, cike da dabbobin da ko kakan yaron bai taɓa gani ba. Biyu ne kawai na Hausa, na ware su na ce ta sa su a gaba, ta kuma gaya wa iyayen cewa sayen littafi ba shi ne aikin ba, aikin shi ne a ɗora yaro a cinya a buɗe tare da shi. Sai ta miƙo mini na ƙarshe ta ce wannan na yaran da ba sa ji ne, wai yanzu aji guda ake haɗa su da sauran yara. Na buɗe. A ƙarƙashin kowane hoto akwai sunan abin, a gefe kuma an zana hannaye suna nuna yadda ake faɗinsa da yatsu. Shafi uku na iya dubawa. Na ce mata idona ya gaji, ta bar shi sai wani zuwan.

Mu da muka tashi a unguwar Mandawari a wancan zamani, babu jaririn da aka taɓa ba littafi. Wa ma zai yi tunanin haka? Takarda abin girmamawa ce, in ka tsinci guntuwarta a lungu sai ka ɗauka ka soke a jikin katanga, don kada a taka sunan Allah. Amma ba za a ce mun tashi babu karatu ba, sai dai namu duka ta kunne yake shiga. Tun kana goye kake jin dukan taɓarya ta bayan uwarka, ƙirjinka na amsawa. Kana jin waƙar da take yi maka in kana rigima, kana jin kiran salla daga masallacin unguwa, da na wancan masallacin yana bin sa a baya, da ƙarar guga in ta bugi ruwa a rijiya, da masu bugu can nesa suna sauke sanduna a kan rinannun tufafi bi da bi, kai ka ce hira suke yi. Da hantsi masu talla su cika lungu, kowace da muryar kayanta, ko ba ka leƙa ba ka san mai ƙosai ce ko mai dafaffen rogo. In an ci tuwo kuwa sai mu kewaye kakarmu, uwar Baba, wadda muke ce wa Iya, ta yi ta zuba mana tatsuniya da kacici-kacici, wanda ya kasa ya ba da gari. A makarantar allo ma baki ne ke gaba, sai ka rera abu ya zauna a kanka kafin ka san kamannin baƙinsa. Yau gidanmu na nan babu shi, an rushe an yi shaguna na bulo, rijiyar an cike ta, kududdufin bayan gida an gina shi. In na bi ta lungun ba na jin komai sai janareta da babura. Yara suna zaune a dakali kowa ya sunkuya a kan waya, babu tsohuwar da ake kewayewa. Nakan ji takaicin wannan, kamar kowane tsoho. Amma duk lokacin da na buɗe baki zan ce zamaninmu ya fi, sai ƙanwata ta faɗo mini a rai, bakin ya mutu. Domin duk wannan arziki da nake lissafawa, ita ko ƙwaya ba ta samu ba.

Sunan Iya aka sa mata, shi ya sa ake ɓoyewa ana ce mata Ummi. Shekara huɗu na ba ta. Lafiya lau aka haife ta, har ta fara cewa "Inna" da "ruwa", tana bin kaji a tsakar gida tana kwaikwayon kukansu. Sai wata bazara sanƙarau ya shigo unguwa. A lungunmu kaɗai an fitar da yara da dama. Ummi ta kwanta wuyanta a sandare, jikinta kamar garwashi, Inna na jiƙa tsumma tana shafa mata. Allah Ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Muka yi murna, Baba ya yi sadakar waina. Sai da aka kwana biyu Inna ta lura. Tasa ta suɓuce mata ta faɗi a daɓe, kowa ya zabura har kaji suka watse, Ummi kuwa tana zaune ta ba da baya tana wasa da murfin kwano, ko gezau. Inna ta ɗauki tasar ta sake bugawa da gangan, ta sake, ta sake, har Iya ta fito ta karɓe daga hannunta ta ce, "Ya isa. Wanda Ya bar miki ranta Shi Ya karɓi kunnen. Ki gode."

'Yan kalmomin da ta iya suka zube ɗaya bayan ɗaya. Sunanta ma ya bi su, don kiran wanda ba ya ji ɓata baki ne. A lungu aka koma ce mata Bebiya, a hankali har cikin gida. In ana son ta sai a jefa mata ɗan tsakuwa ko a taɓa kafaɗarta. Muka ƙirƙiri 'yan alamu na gida, zo, tafi, ci, ruwa, bari, kwanta, ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba, kuma duk na aike ne da hani. An kai ta makarantar allo, ta yi kwana uku tana kallon bakin yara, Malam ya ce a bar ta a gida, Allah ba zai tambaye ta abin da bai ba ta ba. In muna kewaye da Iya takan zo ta zauna a tsakiyarmu, ta ga mun fashe da dariya sai ita ma ta yi, a makare, tana duban fuskokinmu ko ta yi daidai. Aiki kuwa babu wanda ya kai ta. Tana shekara shida ta iya tankaɗe, ta iya tsince shinkafa tas, ta iya hura wuta ba hayaƙi. Inna takan ce, "Wannan da tana ji, da ta fi ku duka." Ana faɗa a gabanta, tana murmushi.

Ni Baba ya sa ni a boko, makarantar 'yan mata ta wajen Shahuci, ba don 'yan'uwansa sun so ba. Mai ɗinkin hula ne, yana wuni a zaure da allura, bai yi boko ba amma yana son a ce 'yarsa ta iya karanta wasiƙa. Ina aji uku na zo ta ɗaya, aka ba ni monita, ni ke riƙe makullin kabad ɗin littattafai. Da za a yi dogon hutu Malamarmu ta ce in zaɓi littafi ɗaya in tafi da shi gida aro, ladan ƙoƙarina. Na zaɓi na 'yan aji ɗaya, ba don karatunsa ba, don shi kaɗai ne mai hotuna masu launi. Ta riƙe shi ba ta sake mini ba sai da ta ce, "Kayan gwamnati ne. Yadda kika karɓa haka za ki dawo da shi."

Da la'asar ɗin nan ina zaune a inuwar katanga ina jiran tukunya, na buɗe shi a cinyata. Ummi ta zo ta tsuguna a gefena. Shafin farko kaza ce ja, da sunanta a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ta ƙura mata ido, ta kai yatsa ta shafa, ta juya shafin ta duba bayansa ko sauran kazar na can. Sai ta miƙe a guje. Na ji kaji na kururuwa a bayan rumbu, sai ga ta ta rungumo jar kazar Inna, ta zo ta danna ta kusa da littafin, tana nuna wannan tana nuna waccan, tana wani irin ƙara daga maƙogwaro, idonta kamar zai faɗo. Na yi dariya har na kwanta. Don wasa kawai na zaro gawayi daga bakin murhu na rubuta "kaza" a daɓe, na nuna rubutun, na nuna na littafin, na nuna kazar. Ta saki kazar. Ta karɓi gawayin ta durƙusa, harshenta a waje, ta zana abin da na zana, a karkace, amma shi ne.

Hutun nan gaba ɗaya a kan daɓen muka yi shi. Da mun gama shara da wanke-wanke sai ta jawo ni da zane, gawayi a hannunta. Tulu, jaki, ido, wuta, wata, kifi. In ta ga hoto sai ta nemo abin a gida, in babu ta ja ni zaure ta nuna mini a waje. Ranar da muka kai jaki sai da muka tsaya a ƙofar gida har masu kawo itace suka wuce. Kalma goma sha biyu ta iya, na ƙirga su, tana rubuta su ba tare da ta kalli littafin ba. Akwai guda da babu a littafin. Ita ta nuna Inna da ke tuƙa tuwo, ta nuna daɓe, ta ɗaga mini gira. Na rubuta mata. Ta kwafa, ta je ta kamo hannun Inna da muciya da komai ta kawo ta. Inna ba ta iya karatu ba, ta ce, "Mene ne kuma wannan?" Na ce, "Sunanki ne. Kiran ki take yi." Inna ta tsaya a kan rubutun nan har tuwo ya kama. Ranar ba a share wurin ba.

Baba ya ga abin da idonsa, ya kasa zama. Da aka koma makaranta ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, Inna ta rage wa Ummi tsohon yunifom ɗina, aka yi mata kitso, muka tafi mu uku. Ummi na tafe tana shafa gaban rigarta. A ofis Baba ya cire takalmi ya durƙusa, shi da ya girmi shugabar makarantar, ya ce, "Malama, ga ƙanwar wannan. Ba ta ji, amma wallahi tana da kai. A ba ta alli a gani." Aka ba ta. Ta rubuta kaza da tulu a kan allo, ta juyo tana murmushi. Shugabar ta daɗe tana kallo, ba muguwar mace ba ce, na shaida. Ta ce, "Malam, na gani, kuma abin da ban tausayi. Amma aji a cike yake, malama ɗaya ce, da baki take koyarwa. Wa zai tsaya mata? Ba mu da littafin irinsu, ba mu da wanda ya san hanyarsu. In na karɓe ta zaman banza za ta yi yara na tsokanarta. Ka mai da ita gida ta koyi sana'a, ya fi mata."

Baba ya ce, "Ko a bayan aji ne, ta riƙa kallo."

"Ka yi haƙuri, Malam."

Ya sa takalminsa ya kama hannun Ummi. Ita ta ɗauka an gama ne za a kai ta aji, sai ta ga an nufi ƙofa ni kuma an bar ni. Ta riƙa waiwaye tana turjewa har suka sha kwana.

Washegari ne ranar mai da littattafan aro. Na sa nawa a jaka tun da safe, Ummi na tsaye tana kallona. Na shiga wanka na fito na ɗauki jakar na tafi. A aji Malama ta karɓa tana buɗewa a gaban kowa, sai na ga fuskarta ta sauya. Shafi huɗu na farko babu su, an yage su daga tushe. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Ku ga amanar monita." Na rantse ban sani ba. Wata daga baya ta ce, "Bebiyar gidansu ce, jiya ma an kawo ta an kore ta." Aji ya ɗauki dariya. Malama ta sa na miƙa tafin hannu ta yi mini shida da rula, ta karɓe makullin daga wuyana ta rataya wa wadda ta yi maganar. Da aka tashi suka bi ni har bakin titi suna yi mini gwalo suna kaɗa hannaye a iska, suna kirana yayar bebiya.

Shekarata goma. Ina faɗin wannan ba don ya wanke ni ba. Na shiga gida ban yi sallama ba, na wuce ɗaki na ɗaga tabarmar da take kwana. Suna nan, ta shimfiɗa su a jere ta lulluɓe da ɗankwalinta. Na kwaso na fito. Tana bakin murhu tana hura wuta, ta gan su a hannuna ta miƙe tana nuna ƙirjinta, wato nata ne. Na kwaɗa mata mari da hannun da ke mini zogi. Na cusa takardun cikin wutar da ta hura. Ta kai hannu za ta ciro, na hankaɗe ta ta faɗi. Sannan na ɗebo ruwa a randa na watsa a daɓen, na bi da tsintsiya, har wurin sunan Inna. Kukan da ta yi ranar ban taɓa jin irinsa a bakin ɗan Adam ba, don ita ba ta san yadda kuka ke fita ba, ba ta san a rage shi ba. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Inna ta zane ni, Baba ya koma zaure.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, yara na faɗa su shirya. Bayan kwana biyu ta zo da gawayi ta tsuguna a gabana, kuncinta bai gama sacewa ba, ta miƙo mini. Na juya fuskata. Ta zagayo ta inda na juya, na sake juyawa. Ta ja zanena, na fizge. Haka ta yi ta yi kusan wata guda, kullum da la'asar, ni kuma kullum in kau da kai, don in na dube ta dariyar 'yan ajinmu nake ji. Iya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ke, zo nan. Mai kunne in kin yi masa gaba yana jin tarinki, yana jin takunki, ya san kina duniya. Wannan fuskarki ce kaɗai ƙofarta. In kin juya, kin rufe ta a rami ne da ranta." Na ce to. Ban fasa ba. Wata rana da la'asar na ga ba ta zo ba, tana can tana tankaɗe. Ba ta ƙara kawo mini gawayi ba har abada, ni kuma na ji daɗi a lokacin, na ce na huta.

Daga nan rayuwa ta ja kowa. Na tafi kwalejin horon malamai, na yi aure, na kama koyarwa. Shekara talatin da wani abu ina riƙe hannun 'ya'yan mutane ina nuna musu yadda ake zana baƙi. Akwai likitoci da alƙalai da suka bi ta hannuna, har yau suna zuwa gaishe ni da salla. Ban taɓa zama na ce bari in koma wa Ummi daga inda muka tsaya ba. Da fari kunya ce, daga baya na ce ta girma, daga baya kuma na daina tunawa. Ita ta zama gwanar kitso, mata na layi a tsakar gidanmu. Da ta isa aure wani mai gyaran keke a unguwar Zaitawa, shi ma bebe, ya nema, ta nuna tana so, aka yi. Mutumin kirki ne. Ba su samu haihuwa ba, ya riga ta rasuwa, ta ci gaba da zama a ɗakinta tana kitsonta. Nakan je mata da salla da azumi, in kai mata atamfa da abin cefane. Mu gaisa da hannu, in tambaye ta ta ci, ta nuna ta ci, ta tambaye ni yara, in nuna lafiya. Sai mu zauna muna kallon juna muna murmushi har in ga ya kamata in tashi. A raina ita mace ce mai shiru, mai haƙuri, wadda ba ta da abin cewa da yawa.

Bayan rasuwar su Inna da Baba da shekaru, wata maƙwabciyarta ta aiko mini cewa Ummi ba ta da lafiya, ta daina kitso. Na je na tarar ta rame, wuyanta kamar a ƙirga jijiyoyi. Na sa ta a mota muka tafi asibiti. Likitan yaro ne, sa'an ɗana, mai natsuwa. Ya ce, "Hajiya, a tambaye ta tun yaushe abin ya fara." Na juya na dube ta. Ba ni da alamar "tun yaushe". Ya ce, "Ciwon yana tsayawa wuri ɗaya ne ko yana yawo? Tana ganin jini? In ta ci abinci yana ƙaruwa?" Na ɗaga hannayena na rasa yadda zan yi da su. Ita kuwa tana ta yi mini bayani, yatsunta na gudu, fuskarta na motsi, tana nuna nan tana nuna can, ni ban kama ko ɗaya ba.

Likitan ya ce, "Ba 'yar'uwarki ba ce?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

Sannan ya ce, "Ta iya rubutu?" Kafin in amsa ya tura mata takarda da biro. Ta dubi biron, ta dube ni. Ta riƙe shi a dunƙule yadda ake riƙe gawayi, ta sunkuya. Ta rubuta kaza. Ta rubuta tulu, jaki, ido, tana bin su a jere yadda muka koya, da manyan baƙaƙe irin na 'yan aji ɗaya, mace mai furfura. Da ta kai "wuta" sai ta tsaya. Ta zagaye ta da biro, ta sake zagayewa har takardar ta huje. Ta kama hannun likitan ta ɗora a ƙasan haƙarƙarinta na dama, ta buga kalmar da yatsa.

Aka yi hoto, aka yi gwaje-gwaje. Suka ce ciwon ya daɗe yana cin ta, da an zo da wuri da wata magana ce. Wa za ta gaya wa da wuri? Na dawo da ita gidana, na yi jinyarta sati biyar. Ina ba ta kunu a baki, ina juya ta, ina kallon fuskarta yanzu ba na ɗauke ido, amma abin da nake so in ce mata ba ni da hannun faɗinsa. Na taɓa kawo takarda na rubuta "ki yafe mini", ta duba, ta bi baƙaƙen da yatsa tana neman wanda ta sani, ta ɗago ta yi mini murmushin nan nata na makara. Ranar wata Talata da hantsi ta cika.

Ranar sadakar uku gidan ya cika da dangi da tsofaffin abokan aikina. Wajen azahar sai ga wasu mata su bakwai sun shigo a jere ba sallama, suka zube takalma suka durƙusa a gabana suna dafa ƙirji. Ban san ko ɗaya ba. Wata budurwa da ke tare da su ta ce, "Hajiya, ƙawayen marigayiya ne, daga Zaitawa da wasu unguwanni. Wannan mahaifiyata ce. Duk ba sa ji, ni ce bakinsu." Aka shimfiɗa musu tabarma a gefe. Suka zauna suka yi da'ira, sai hannaye suka tashi. Ban taɓa ganin hira irin wannan ba. Wannan ta yi, waccan ta katse ta, wata ta share hawaye, can sai duk suka kwashe da dariya har ɗaya ta riƙe ciki. 'Yan zaman makoki suka fara kallonsu a kaikaice. Na matsa kusa na ce wa budurwar, "Me suke cewa?"

"Labarinta suke yi. Wai duk ranar Juma'a a ɗakinta suke taruwa, kuma in ta fara zuba babu mai samun sa hannu. Babata ta ce ba ta taɓa ganin mai surutu irinta ba. Wai tana kwaikwayon tafiyar kowa a unguwa, har mai unguwa. Yaran da aka haifa ba sa ji kuma, iyayensu wurinta suke kai su, ita ke fara koya musu maganar hannu."

Na ce, "Ummi?"

"Ita fa, Hajiya. Ba ki sani ba?"

Uwar yarinyar ta lura da ni, ta tambayi 'yarta ko ni wace ce, 'yar ta gaya mata. Ta daɗe tana dubana, tsohuwa ce kamata, da tabon ƙuna a hannu. Sai ta yi wata alama, 'yar ta ce, "Wai kina so ta nuna miki yadda ake cewa Allah Ya jiƙanta?"

Na gyaɗa kai. Matar ta matso ta kama hannayena biyu. Yatsuna sun tsufa, sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa yadda take so. Ta ɗaga mini su sama, ta sauko da su, ta gyara wannan yatsa ta miƙar da wancan. Na yi, ta girgiza kai. Na sake, ta girgiza kai. Sauran matan suka bar hirarsu suka zuba mini ido, babu mai dariya. A karo na huɗu ta saki hannuna na yi ni kaɗai, su bakwai ɗin suka shafa fuska suka amsa.